Shekarar da Ƙaro Ya Rame a Hanya

Ku ƴaƴana, da ƴaƴan ƴaƴana, labari biyu ke yawo a cikin dangi game da shekarar da aka so a ɗaure babanku. A na farko an ce shi ya zauna ya rubuta wa ƙungiyar masu lissafi takarda, da ƙarfin zuciyarsa, har ya kuɓuta. A na biyu, wanda gwaggonninku suka fi so, an ce ni na tona masa asiri a gaban maza da gaban uwarsa, saboda ƴar lakwal ba ta san kunya ba. Na farkon ƙarya ne mai daɗin ji. Na biyun akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Ni na rubuta takardar. Kuma ba da ƙarfin zuciya na rubuta ta ba, da tsoro na rubuta, tsoron da har yau in na ji ƙarar ƙugiyar ma'auni a kasuwa sai ya dawo mini. Zan faɗa muku yadda aka yi, kowa ya ɗauki nasa.

An kawo ni Gure daga Damagaram ina da shekara goma sha tara. Babana tafinta ne, shi ya sa ni lakwal, wato makarantar boko, da na gama ajujuwan ƙasa kuma ya ƙi cire ni, na wuce na gaba, inda mu mata ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba. Abin da na fito da shi daga can biyu ne, Faransanci da kyan rubutu, kuma a gidan da aka kawo ni ba wanda ya nemi ko ɗaya. Surukata, Iya, wadda kuka sani da Kaka Gana, duban farko ta yi wa hannuwana ta ce waɗannan ba su taɓa gaisawa da taɓarya ba. Daga ranar ta sa mini suna ƴar lakwal, kuma da sunan ta kira ni har ta koma ga Allah.

Babanku kwantabul ne a wani kanti na Nasara, wato shi ke riƙe da littafin lissafi. Babban kamfanin yana Damagaram, nan Gure reshe ne, ba Nasara a ciki, daga babanku sai masu ɗinkin buhu da mai gadi. Suna sayen fata, amma babban cinikinsu ƙaro ne. In sanyi ya shigo, mata da makiyaya su fito daga wajen Gamu da Gidigir da ƙaron da suka tsinko a jikin ɗakwara, a ƙorai da salkuna, babanku ya auna, ya biya, ya rubuta. A zuba a buhuna, a ɗinke, a jibge a mangaza, wato ɗakin ajiya, har ayari ya samu. Raƙuma su yi kusan mako a hanya. In sun isa Damagaram sai a sake aunawa. To a nan matsalar take. Abin da aka auna a can bai taɓa kai abin da aka rubuta a nan ba, kuma dokar kamfani ita ce duk abin da ya ragu kwantabul ne zai cika daga aljihunsa.

Ni na san wannan ne saboda rubutuna ya fi nasa kyau, sai ya zama in ya dawo da la'asar yakan miƙo mini littafin in kwafe masa mai tsabta wanda za a aika can. A nan na ga cewa shekara uku a jere yana cikawa, a ƙasan shafi da ƙaramin rubutu. Shekarar farko albashinsa ya isa. Ta biyu ya sayar da rigarsa ta aure. Ta uku na ga kuɗi mai yawa ya shigo ba tare da na ga wani abu ya fita daga gidan ba, na tambaye shi. Sai ya ce ya sayar da dabinon Iya.

Iya tana da bishiyar dabino bakwai a wani kwari kusa da Gidigir, gadon ubanta. Tun da ƙafarta ta fara ciwo ba ta ƙara zuwa ba, babanku ne ke zuwa lokacin girbi ya kawo mata. Da ya sayar, sai ya ci gaba da zuwa, ya sayi dabino a kasuwar Gidigir, ya zuba a taikin da aka saba, ya kawo ya ajiye a gabanta ya ce ga na bana. Ta ɗauki ɗaya ta ci, ta sa masa albarka. Ya rantsar da ni kada in faɗa. Na rantse.

A shekara ta huɗu ƙaro ya yi albarkar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Mangaza ta cika har ana jera buhuna a ƙarƙashin rumfa. Kowa na murna, babanku kuwa yana ramewa, don ya gane tun kafin ni cewa in saye ya yi yawa, giɓin ma zai yi yawa. Haka kuwa aka yi. Ga shi an kawo sabon Nasara a Damagaram, yaro matashi mai son a ga aikinsa, wanda bai yarda da a cika a yi shiru ba. Ya duba littattafan baya ya ga shekara huɗu reshen Gure na raguwa, sai ya ce ai wannan sata ce, kuma mai cikawa da kansa ya san abin da ya ci.

Ran nan da rana tsaka, ina tankaɗe a tsakar gida, aka yi sallama. Gwarda ne, dogarin Nasara mai jar hula, da takarda a hannu. Babanku ya karanta a zaure, ya shigo ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. An ba shi kwana arba'in. Ko ya biya duka, ko a kai ƙara gaban kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, a kan cin amana. Ni kuwa ina yarinya a Damagaram na taɓa ganin wani akawu da aka ɗaure wa igiya a ƙugu aka bi da shi ta tsakiyar kasuwa zuwa gidan kaso, farar rigarsa a jikinsa, alƙalaminsa ma yana nan maƙale a aljihu. Da na karanta takardar, wannan alƙalamin na gani. Rariyar ta faɗi daga hannuna, na zauna a kan turmi.

Iya ta ce a kai wa malami sadaka. Babanku ya ce Allah na nan. Ni na bari har Iya ta shiga ɗaki na ce:

"Malam, ka rubuta wa Amikal."

Amikal ita ce ƙungiyar masu riƙe da littafin lissafi na kantuna da ke ƙasar Damagaram. Duk wata kowa na aika kuɗi tamma ɗaya. In an yi wa ɗayansu haihuwa a haɗa masa kuɗin rago, in an yi masa rasuwa a sayi likkafani. In sun haɗu a birni su sha shayi su yi wa juna tsiya. Iyakar abin da babanku ya san tana yi ke nan.

"In rubuta in ce me?" ya ce. "Mutanen da muke zama tabarma ɗaya, in ce musu an kira ni ɓarawo? Ba wanda kayansa ya taɓa raguwa a cikinsu. Ni kaɗai ne. Ko masu raƙuma ke yi mini, ko ni ne ban iya awo ba."

"To ka bari su duba."

"Ke, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kada in ƙara jin maganar nan."

Kwana biyu suka wuce. A rana ta uku wata tsohuwa mai kawo ƙaro daga Gamu, Ya Zara, ta shigo neman ruwa, ta zauna tana mita da Barbarci tana haɗawa da Hausa, wai ta iske kanti a rufe. Na ce ta ajiye kayanta a wurinmu, in ta dawo kasuwa mai zuwa ta sayar. Ta dube ni kamar na ce ta zubar.

"Ƴata, wa ke ajiye ƙaro? Yau ka tsinko, gobe ka kai wa mai awo. In ya yi mako a ɗaka ramewa yake yi. Ruwa ne a cikinsa. Ƙwaryar da ta gajiyar da wuyanka yau, bayan kwana goma sai ka ɗauke ta da hannu ɗaya."

"Kowa ya san haka?"

"Wa bai sani ba? Jikata ma ta sani."

Ta sha ruwanta ta tafi. Ni kuwa na tsaya riƙe da moda. Duk matan daji sun sani. Masu littafi ne ba su sani ba, don su ƙaro ba ya kwana a hannunsu, lamba ce ke kwana. Nasara yana zargin akawu, akawu yana zargin mai raƙumi, kuma ba wanda ya taɓa tambayar wadda ta tsinko shi. Da babanku ya dawo na faɗa masa. Ya ce maganar tsofaffin mata ba ta shiga biro, wato ofishin Nasara, kuma ko gaskiya ce, wa zai tsaya masa a gaban Nasara? Shi ɗaya ne.

Washegari da hantsi, yana kanti, Iya tana barcin safe, na yage takarda daga tsakiyar tsohon littafina na lakwal. Sau uku ina farawa ina sakewa. Na rubuta wa shugaban Amikal, Malam Sanda, wanda ban taɓa gani ba. Na faɗi lambobin shekara huɗu, na faɗi maganar kwana arba'in, na faɗi abin da Ya Zara ta ce. Ban ambaci dabino ba. Na sa sunana, ba nasa ba. Madugu Ari zai tashi da ayari a ranar, na lulluɓa na same shi a bakin rijiya yana shayar da raƙuma, na ba shi takardar da ɗankunnena ɗaya. Ya mayar mini da ɗankunnen ya ce takarda ba ta da nauyi.

Kwana goma sha biyu na yi ina kallon babanku yana cin tuwon da na dafa bai san abin da na yi ba. Duk sallamar da aka yi a ƙofa sai in ji kamar gwarda ne. A rana ta goma sha uku wata motar kaya ta tsaya a bakin kasuwa, mutum biyu suka sauko suka tambayi gidanmu. Ɗaya ƙato, mai tumbi da babbar murya, shi ne Malam Sanda. Ɗaya siriri mai tabarau, ba ya dariya, Malam Ibro, ma'ajin ƙungiya. Ina bayan zana ina jin su a zaure.

"Ƙanena," in ji Malam Sanda, "ashe haka kake da rowa? An yi maka haihuwa ka kira mu, an kawo maka igiya ka ɓoye ka ci kai kaɗai?"

"Wa ya gaya muku?"

"Wata mai rubutu da ya fi naka kyau nesa ba kusa ba. Da da hali da mun kore ka mun ɗauke ta."

Daga nan na san babanku ya gane wadda ake nufi.

Malam Ibro ne ya gyara murya ya ce a bar wasa. Ya ce kafin Amikal ta buɗe baki a gaban Nasara sai ta duba ɗanta tukuna. In ta same shi da ci, ita za ta fara korarsa kafin kamfani, don sunan mutum talatin ba zai ɓaci saboda mutum ɗaya ba. In kuwa ta same shi da gaskiya, maganarsa ta zama tasu duka. Ya kuma ƙara da cewa babanku bai aika tammarsa ta wata uku ba.

"Ibro, mutum na nutsewa kana tambayarsa kuɗin fito," in ji Malam Sanda.

"Ni dai na faɗa, a rubuce yake."

Kwana uku suna kan littattafan. Suka ɗauko ma'aunin kanti suka gwada shi da duwatsun awo da suka zo da su. Suka kira masu ɗinkin buhu ɗaya ɗaya. A rana ta uku zafi ya kore su daga zaure, suka shigo da tabarma ƙarƙashin bishiyar bedin tsakar gida, inda Iya ke zaune a gefe tana ɓarar gyaɗa, ni kuma ina bakin murhu. Malam Ibro ya ɗora yatsa a ƙasan wani shafi.

"Komai ya daidaita sai nan. Shekara ta uku ka cika da kuɗin da ya fi albashinka na wata biyar. Nasara zai ce daga abin da ka sata ka mayar. Ina ka samo?"

Babanku ya dubi ƙasa. Ya ce bashi ne. Malam Ibro ya ce wurin wa, a kira shi ya shaida. Babanku ya ƙi faɗin suna. Malam Ibro ya cire tabarau ya ce in ba a san asalin kuɗin nan ba, ba za su iya sa hannu ba, mota kuwa gobe za ta koma.

Na dubi babanku, na ga ya riga ya zaɓa. Ya gwammace igiya da ya faɗa a gaban uwarsa. Na san na rantse. Na kuma san kwana nawa suka rage. Daga bakin murhu na ce:

"Dabino ya sayar. Bishiya bakwai a kwarin Gidigir. Takardar cinikin na cikin akwatinsa."

Hannun Iya ya tsaya a kan gyaɗar. Ba ta ɗago ba. Jim kaɗan ta ci gaba da ɓara, ɗaya bayan ɗaya. Babanku ya juyo ya dube ni, duban da ban taɓa gani a fuskarsa ba kuma ban ƙara gani ba, ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da takardar ya ajiye a kan tabarma.

Malam Sanda ya karanta, ya daɗe yana shafa gemu. Sai ya yi wata dariya marar daɗi.

"Ƙanena, ka tuna dokina, gunyan nan da na ce ciwon ciki ya kashe shi? Yana nan da ransa a gidan wani mahauci. Giɓin ƙaro na cika da shi, lokacin ina reshe."

Ya juya ya dubi Malam Ibro. Malam Ibro ya mayar da tabaransa, ya gyara su sau biyu.

"Saniyar matata," ya ce. "Biyu."

Shekaru suna zama tabarma ɗaya suna shan shayi, kowa da raminsa a ƙarƙashin riga, kowa yana ganin shi kaɗai ne bai iya aiki ba.

Daga nan na ga abin da ƙungiya take. Malam Sanda ya ce ba za su je roƙon a yafe wa babanku ba, don wanda aka yafe wa ya amsa laifi ke nan, kuma baɗi wani za a kama. Ya ce su masu lissafi ne, lissafi za su kai. A ranar suka rubuta wa duk ɗan ƙungiya da ke riƙe da reshe, ya aiko da abin da ya auna, da abin da aka auna a Damagaram, da abin da ya cika, shekara nawa, ba kunya, don shugaba da ma'aji sun riga sun faɗi nasu. Suka koma birni suna tattarawa. Amsoshi suka zo, kuma duk inda ake sayen ƙaro labarin ɗaya ne, har girman giɓin ya yi kusa da juna, in hanya ta fi nisa ya fi yawa. Ɓarayi ba sa haɗa baki su yi sata daidai da tsawon hanya.

Bayan kwana goma Malam Sanda ya dawo da tarin takardun. Ya tsaya a ƙofar zaure ya ɗaga murya yadda zan ji, ya ce wa babanku yana neman aron hannun matarsa, don Faransancinsu na kanti ne, nata na littafi. Babanku ya ce, "Ai ba ta saba neman izinina ba." Wannan ce kaɗai maganar da ya yi a kaina a cikin makonnin nan. Na zauna a bayan zana, Malam Sanda yana faɗa da Hausa ina juyawa. Abu uku suka nema. A dakatar da ƙara. A ɗauki ɗanyen ƙaro buhu guda, Nasara ya auna da hannunsa a Gure, ya ɗaure bakin da hatiminsa na dalma, a aza wa raƙumi, ya sake aunawa da hannunsa a Damagaram. In ya ragu hatimi na nan, a rubuta doka cewa ramar hanya ta kamfani ce, ba ta akawu ba. A ƙarshe ya ce in rubuta cewa, cikin ladabi, in aka ɗaure ɗan'uwansu kafin gwajin, ba ɗan Amikal da zai ƙara sa hannu a kan awon ƙaro a kowane reshe. Na tsaya da alƙalami na ce ko a sassauta wannan.

"Ƙanwata, rubuta yadda na faɗa. Duk sauran gishiri ne, wannan ne naman."

Ya kai takardar birni, ƴan ƙungiya suka sa hannu, ban da mutum biyu da suka ji tsoron kora, kuma ban ga laifinsu ba, don ni na san tsoro. Malam Sanda ya sa nasa a sama, inda in za a kori mutum ɗaya shi za a fara gani. Su huɗu suka shiga biro ɗin Nasara da fararen riguna. An ce ya bar su a tsaye har rana ta take. An ce da ya karanta ya yi ja, ya tambaya wa ya koya musu wannan. Amma lokacin saye bai ƙare ba, kuma ba shi da wanda zai riƙe masa littafi a rassa in waɗannan suka naɗe hannu. Ya ce zai yi gwajin don ya kunyata su.

Ya zo Gure da kansa. Rabin gari ya taru a bakin kanti. Na tsaya can baya cikin mata, a lulluɓe. Ƙaron da aka zuba a buhun na matan Gamu ne da suka iso da safen, har da na Ya Zara. Nasara ya rataya buhun a ƙugiya, ya karanta, ya rubuta, Malam Ibro ma ya rubuta. Ya matse dalma a bakin igiya. Madugu Ari ya aza wa raƙuminsa. Da ayarin ya ɓace bayan tudun yashi sai wani sabon tsoro ya kama ni. Duk wannan, mutum talatin da aikinsu, da sunan babanku, da rantsuwar da na karya, a kan maganar tsohuwa ɗaya da ta shigo shan ruwa na ɗora shi. In buhun bai ragu ba fa? Na laluba na sami Ya Zara a cikin taro na tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce, "Ke dai ki dafa mini shayi ran da labari ya zo."

Kwana tara aka yi. Malam Sanda bai aiko da takarda ba, da kansa ya zo, tun daga bakin kasuwa ana jin muryarsa. Buhu ya rame, hatimi bai motsa ba, kuma ramar ta yi daidai da abin da littafin babanku ke nunawa shekara huɗu. Nasara ya auna sau uku, ya sa aka kawo wani ma'auni, ya sake aunawa. Aka janye ƙara. Kafin damina aka aiko wa kowane reshe da takarda cewa an ware kason ramar hanya a kan kowane buhu. Wannan dokar ta daɗe tana aiki bayan an manta dalilinta. Abin da aka riga aka cika kuwa, kamfani ya ce ya wuce. Amikal ta sake rubutawa sau biyu a kan haka, ba ta samu ba. Doki bai dawo ba, shanu ba su dawo ba, dabino bai dawo ba.

Babanku bai yi mini magana ba har aka yi shuka. Yana cin abincina, yana ajiye kuɗin cefane a kan faifai, in yana son abu ya faɗa wa bango. A gari mata suka sa mini ido, in na shiga gidan suna a yi shiru. Ƴan'uwansa mata suka ce a mayar da ni Damagaram. Ban yi kuka a gabansu ba, kuma ban ba da haƙuri ba, don da za a mayar da ni bakin murhun nan da na sake faɗa. Amma kada ku zaci abin bai ci ni ba. Mutumin kirki ne na kunyata a gaban uwarsa, kuma na rantse masa.

Iya ce ban san inda ta tsaya ba. Tun ranar ba ta ce uffan a kan dabino ba. Sai da lokacin girbinsa ya zo, wata safiya muna zaune mu uku a tsakar gida, babanku yana ɗaura takalmi zai fita, ta ce ba tare da ta dube shi ba:

"Bana kada ka wahalar da kanka zuwa Gidigir. In za ka saya, ka saya a nan kasuwa, ya fi araha."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

"Iya, ki gafarce ni."

"Na gafarta maka tun bara. Shekara hamsin ina cin dabinon ubana, kana zaton bakina bai san shi ba? Ƙwaya ɗaya na ci na gane. Ka rufa mini, na rufa maka, muna ta rufa wa juna har igiya ta zo ƙofa." Ta tura mini ƙwaryar gyaɗa da ƙafa. "Da ba a kawo mana marar kunya gidan nan ba, da yanzu ina kai maka tuwo gidan kaso. Ƴar lakwal, ɓare wannan, hannunki ya huta da alƙalami."

Babanku ya sa ɗayan takalmin. Ya kai bakin zaure ya tsaya, ya juyo, ya ce da ni in ya dawo da la'asar akwai shafi huɗu da za a kwafe.

Bayan shekara biyu Amikal ta zaɓe shi magatakarda, ya riƙe har ya bar aiki. Duk takardar da ta fita da sunansa a shekarun nan, ta neman haƙƙin wani akawu da aka zalunta ko ta gargaɗin wani da ya ci amana, ku duba rubutun da kyau in kun same ta. Dalmar da aka yanke daga bakin buhun nan kuwa Malam Sanda ya kawo mini ita a ƙulle a gefen rawaninsa. Tana cikin ƙaramin kwanon da ke ƙasan adakata. Wadda ta wanke ni ta ba wa duk jikar da ta fi rashin kunya.